Jirgin Fito: Darussan da Na Kwaso Daga Shirya Gajeren Fim a Ƙasar Bagudo

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, gani ya kori ji. Malamin Hausa ya fi kowa sanin gaskiyar wannan karin magana, domin yawancin abin da yake koyarwa a fannin al'ada, kamar su da noma da fatauci da sarautun gargajiya, abubuwa ne da ake yi da hannu a fili, amma shi yakan tarar da kansa yana bayaninsu da alli a cikin ɗaki mai bango huɗu. Wannan giɓi ne ya sa malaminmu na adabi da al'ada ya raba ajinmu ƙungiya-ƙungiya a shekararmu ta biyu a kwalejin ilimi, ya ce kowace ƙungiya ta shirya fim ɗin da bai wuce minti goma sha biyar ba a kan wata sana'ar gargajiya, kuma kowane ɗalibi ya haɗa kundin da zai nuna irin aikin da ya yi da kansa. Mu biyar ne a ƙungiyarmu, maza uku da mata biyu. Da yake ni ɗan ƙasar Bagudo ne, sai na ba da shawarar mu yi namu a kan masu fito, wato masu ƙetarar da mutane da kaya a Kogin Kwara. A wannan muƙala zan bayyana abin da aikin ya koya mini, da fatan ɗalibin da zai bi wannan hanya ya sami abin dogarawa.

Sanin wuri kafin ɗaukar hoto

Darasi na farko shi ne, kyamara ba ta san abin da mai riƙe da ita bai sani ba. Ko da yake a can aka haife ni, malaminmu ya hana mu taɓa na'ura sai da muka rubuta shafi biyar a kan tarihin yankin da yanayinsa.

Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991, kuma tana cikin masarautar Gwandu. Daga cikin garuruwanta akwai Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya. Lolo tana kusa da inda Kogin Kwara ya shigo Nijeriya, tana maƙwabtaka da Madekali ta Jamhuriyar Benin, ita kuwa Tsamiya hanyarta ce ke ɓullewa Segbana. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa duk suna zaune a yankin, sun yi auratayya, suna cin kasuwannin juna. Iyakar da ta ratsa tsakaninsu ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a birnin Paris a 1898, wadda ta tsaga ƙasar Borgu gida biyu, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransawa. Saboda haka za ka tarar da wa da ƙane, ɗaya ya yi boko da Ingilishi yana kashe naira, ɗaya ya yi da Faransanci yana kashe sefa, amma ranar suna tabarma ɗaya suke zama.

Wannan bincike ne ya canza mana akalar labari. Da farko mun ɗauka fim ɗin zai tsaya ne a kan yadda ake sassaƙa jirgi da yadda ake tuƙa shi da filafili da gora. Da muka gama karatu sai muka gane cewa mai fito shi ne zaren da ke ɗinke abin da iyaka ta yaga. A kan wannan jigo muka gina komai.

Sallama kafin shiga

Darasi na biyu ya shafi ladabi. Kwalejinmu ta ba mu takardar gabatarwa, amma takarda ba ta buɗe bakin mutanen karkara. Kwana biyu muka yi muna gaisuwa ba mu ɗauki ko hoto ɗaya ba. Mun fara da fadar mai gari, shi kuma ya haɗa mu da ɗan rakiya zuwa wurin Sarkin Ruwa, daga nan muka je muka gai da jami'an tsaro da ke aiki a yankin, muka nuna musu takardunmu, muka gaya musu wuraren da za mu tsaya.

Sarkin Ruwa ya damƙa mu hannun wani dattijo wanda ya tsufa a kan ruwa. Da na durƙusa na ce, “Baba, mun zo ne mu ɗauki hoton aikinku don yara su gani a makaranta,” sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ɗana, in kun tahi da hotonmu, wa za ya gane shi? Mu nan munka tsaya, ku ko gobe kun wuce.” Tambayar nan ita ce ginshiƙin aikin duka. Mai ɗaukar hoto baƙo ne, raɓa ce, amma wanda aka ɗauka shi zai ci gaba da zama da abin da hoton ya jawo. Nan take muka yi masa alkawura biyu a gaban Sarkin Ruwa: ba wanda fuskarsa za ta fito sai da yardarsa, kuma ba za mu miƙa fim ga malaminmu ba sai sun fara ganinsa.

A ɓangaren mata kuwa, da ba don abokan aikinmu mata biyu ba, da rabin fim ɗin bai samu ba. Su ne suka shiga gidaje, suka zauna da masu ƙyafe kifi da masu turara shinkafa, suka taya su aiki, har wata tsohuwa ta yarda a ɗauki muryarta da hannuwanta kawai, ban da fuskarta. Hannuwan nan suna juya kifi a kan wuta sun zama hoton da ya fi kowanne tsaya wa masu kallo a rai.

Fatara mai koyar da dabara

Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: wayoyin hannu biyu, da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga wanda muka ara, da ƙafar kyamara da wani kafinta ya haɗa mana da katako, da batirin ajiyar wuta da muke kaiwa wurin mai cajin waya kowane dare. Rashin kaya ya tilasta mana tsari. Tun daga kwaleji muka rubuta jerin fitowa ashirin da huɗu, kowace da wurinta da lokacinta da abin da ake son a gani, muka zana su a takarda kamar hotunan littafin yara. Da yake wuta da ma'ajiyar waya ƙayyadaddu ne, ba mu danna ɗauka sai mun san dalili.

Mun lura cewa hasken hantsi da na bayan la'asar su ne ke fito da fuskar mutum, na tsakar rana kuwa ruwa yana mayar da shi sai ido ya zama rami. Mun kuma gane cewa mai kallo yakan yafe wa hoto mai dishi-dishi, amma ba ya yafe wa muryar da ba ya ji. Lokacin hunturu ne, iska tana kaɗawa a kan kogi, don haka muka sa wa makirufo safar jariri, muka riƙa yin hira a bayan rumfa inda iska ba ta bugowa, sa'an nan mu ɗauki ƙarar filafili da kukan tsuntsaye da hayaniyar mashaya daban, domin a haɗa su wajen tacewa.

A nan labarin Jean Rouch ya amfane mu. Shi Bafaranshe ne da ya shafe shekaru yana shirya finafinai a gaɓar wannan kogi a ƙasar Nijar, har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A farkon shekarun 1950 ya ɗauki fim a kan yadda masunta ke farautar dorina a wajen Ayoru, ya sa masa kiɗa a wurin da ake fafatawa. Da ya koma ya nuna musu, sai suka ce a cire kiɗan, domin a wurinsu kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, farauta kuwa shiru take so. Masu sana'a sun fi mai kyamara sanin sautin sana'arsu. Wannan ne ya sa ba mu ɗora wa fim ɗinmu kiɗan fiyano irin na finafinan kasuwa ba, muka bar ruwa da filafili su yi magana.

Hoton da bai shiga fim ba

Darasin da ya fi kowanne nauyi a wurina ya zo ne ta dalilin lokacin da muka yi aikin. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, musamman don hana shigo da shinkafar waje da fitar da man fetur, kuma ba a fara buɗe wasu daga cikinsu ba sai a Disamban 2020. A tsakanin nan har an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jihar Kebbi kuwa ta yi suna a noman shinkafa, a nan ne ma aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a 2015. Saboda haka manomi a fadama yana murna da tashin farashin shinkafarsa, mai fito kuma yana kuka domin fasinja sun ragu, man injin jirgi ya yi tsada. A farkon 2020 muka isa, wato a tsakiyar wannan hali.

Wata rana da asuba muna ɗaukar ɓullowar rana a kan ruwa, sai ga wani jirgi ya sako kai cikin hoton daga cikin hazo, ɗauke da buhuna, samari uku suna tuƙi ba ƙarar inji. Fuskokinsu sun fito sarai. Duk wanda ya ga wannan hoto ya san abin da ke cikin buhunan, kuma a fuskar fasaha babu fitowar da ta kai shi kyau cikin duk abin da muka ɗauka.

Daren nan ƙungiyarmu ta yi muhawara mai zafi. Ɗaya daga cikinmu ya ce fim ɗin gaskiya muke yi, ɓoye fasa-ƙwauri kuwa ha'inci ne ga mai kallo, kuma wannan fitowa ce za ta ɗaga mana maki. Hujjarsa tana da ƙarfi. Amma samarin nan ba su san an ɗauke su ba, kuma mun riga mun yi alkawari a gaban Sarkin Ruwa. Hoto idan ya shiga waya ya fita daga hannun mai shi, ba wanda ya san inda zai tsaya. Daɗin daɗawa, mu ɗalibai ne da aka ba izinin nazarin sana'a, kama mai laifi yana da ma'aikatansa da dokokinsa. A ƙarshe muka goge fitowar a gaban juna.

Sai dai ba mu binne maganar ba. Washegari na koma wurin dattijon nan, na tambaye shi yadda rufe iyaka ya shafe su, kuma da yardarsa muka sa amsarsa a fim. Ya yi bayanin yadda ciniki ya mutu, da yadda wasu samari suka koma ɗaukar kayan da hukuma ta hana, da irin haɗarin da ke cikin tuƙin dare, da yadda shi kansa ya hana 'ya'yansa. Ta haka gaskiya ta fito daga bakin wanda ya yarda ya faɗe ta, ba a tona asirin kowa ba. Malamin gobe ya riƙe wannan, domin irin wannan jarrabawa tana jiransa a aji: zai san sirrin yara da na gidajensu, kuma ba duk abin da ya sani ne yake da haƙƙin bazawa ba.

Harshen mutane da harshen littafi

A matsayinmu na ɗaliban Hausa, mun sami wata riba da ba mu yi zato ba. Malaminmu ya ce a rubuta duk maganar da ke cikin fim kalma bayan kalma. Da muka zauna yin haka sai darasin karin harshe ya tashi daga littafi ya tsaya a gabanmu. Inda Daidaitacciyar Hausa ke cewa “suka zo”, dattijon cewa yake yi “sunka zo”. Yakan ce “lahiya” da “tahiya” a maimakon “lafiya” da “tafiya”, ya ce “wanga” da “wagga” a maimakon “wannan”, ya ce “mi” a maimakon “me”. Ga kuma sunayen kifaye da kayan su waɗanda ba mu tarar da su a ƙamusun da ke ɗakin karatunmu ba, wasunsu daga Dandanci ko Zabarmanci aka aro su.

An sami mai cewa a gyara maganar ta koma daidaitacciya. Muka tsaya a kan cewa maganar mutum a bar ta yadda ya yi ta, bayanin mai ba da labari kuwa a yi shi da Daidaitacciyar Hausa, abin da aka faɗa da Dandanci ko Fulatanci kuma a rubuta fassararsa a ƙasan hoto. Yaron Bagudo da ya ji harshen kakansa a allon makaranta zai san cewa karinsa ba kuskure ba ne, kuma daga nan zai fi saurin fahimtar dalilin da ya sa aka daidaita harshe don rubutu.

Mayar da hoto ga masu shi

Mun tace fim ɗin a kwamfutar wani abokinmu, daga abin da ya kai awa shida muka fitar da minti goma sha biyu. Tacewa tana koyar da haƙuri da rashi, domin kowace fitowa da aka zubar akwai wanda ya sha rana kafin a same ta. Ma'auninmu ɗaya ne: in an cire ta labari ya tafi daidai, to, ba a bukatarta.

Daga nan muka cika alkawari. Muka ɗaura farin zane a jikin bango bayan sallar isha'i, aka tayar da janareto, gari ya taru. Tsofaffi suka ce rabonsu da irin wannan tun zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke yawo ƙauyuka tana nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai. Bayan an gama dattijon ya ce akwai gyara: mun nuna yaro yana shiga jirgi kafin mai jirgi ya ba shi izini, alhali a al'adarsu ba a yin haka, kuma bai so yaran wani gari su ɗauka haka suke. Muka sauya jerin fitowar kamar yadda ya ce. A ganina wannan gyara ya fi kowane maki daraja.

Kundin ayyuka

Fim na ƙungiya ne, kundi kuwa na mutum ɗaya ne. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan ɗauka kundin ayyuka jaka ce da ake cusa duk takardar da ta zo hannu. Abin da na fahimta shi ne, kundi hujja ce mai amsa tambaya uku: me ka yi, yaya ka yi shi, me ka iya yanzu wanda ba ka iya ba a da.

Na buɗe nawa da shafi ɗaya mai bayyana rawar da na taka, wato bincike da hira da rubuta magana, na kuma ambaci aikin kowane abokin aikina, domin cin guminsu ba zai ƙara mini komai ba. Na sa rubutun labari na farko da na ƙarshe gefe da gefe don a ga yadda tunani ya nuna. Na sa jerin fitowa da zanensa, da lissafin kuɗin mota da abinci da caji, da takardar izini, da rubutacciyar hira tare da jerin kalmomin da na tsinta da ma'anoninsu, da gyaran da dattijon ya yi mana. Na sa shafi guda a kan hoton da muka goge da dalilin gogewa, ba tare da ambaton suna ko wuri ba. A ƙarshe na sa tsarin darasi na minti arba'in a kan sana'ar fito don ajin ƙaramar sakandare. Kowace takarda na rubuta mata kwanan wata, kuma na adana komai a wuri uku: a takarda, da filashi, da ma'ajiyar intanet, saboda waya tana faɗawa ruwa, takarda kuma gara tana cinta.

Na ga amfanin kundin sau biyu. A lokacin gwajin koyarwa na nuna fim ɗin a aji, na tsayar da shi wuri-wuri ina tambaya, sai ga yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suna gardama a kan sunan kifi. Da na je neman aikin koyarwa kuma, takardar shaidarmu iri ɗaya ce da ta sauran masu nema, amma da na buɗe kundin sai hirar ta koma kan abin da na yi da hannuna.

Kammalawa

Kada ƙarancin kaya ya karya wa ɗalibi gwiwa. Oumarou Ganda na Nijar lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da ya fito a fim ɗin Rouch na 1958, amma shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Masana'antar finafinan Hausa ta Kano ma daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta taso, kamar Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990 a kaset ɗin bidiyo. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi na'urorin wancan lokaci fitar da hoto. Abin da zai nema ya ƙara a kanta shi ne bincike da ladabi da riƙon amana. A kowane gari akwai maƙeri ko masaƙi ko majemi ko mai fito wanda iliminsa ke ƙirjinsa, kuma shekaru suna tafiya. Malamin Hausa da ya je ya durƙusa gaban irin wannan dattijo, ya nemi izini, ya ɗauka, ya mayar masa ya gani, ya adana a kundi, ya samar wa ajinsa littafin da babu shi a kasuwa.